Gusau, Tsafe Da Bunguɗu: Shekara Nawa Jama'a Ke Ɗauka Kafin Su Ninka?

Duk wanda ya san Gusau kafin 1996, ya dawo ya gan ta yau, abin da zai fara faɗi shi ne, "Kai, gari ya cika!" To amma da wane irin sauri ya cika? Wannan tambaya tana da tarihi, amsarta ma tana da nata.

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bayan tasowa daga 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe. Garin ya daɗe yana tafiya sannu a hankali, har layin dogo daga Zariya ya ratsa shi ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Cinikin gyaɗa da auduga ya jawo baƙi daga ko'ina. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gusau mutum kimanin dubu 383, Tsafe dubu 266, Bunguɗu dubu 258. A haɗe, dubu 907 ke nan. A ƙasa baki ɗaya kuwa, an tashi daga miliyan 89 a 1991 zuwa miliyan 140 a 2006, wato ƙarin kashi 3.2 cikin ɗari duk shekara.

Mai karatu zai ce ai kashi uku ba wani abu ba ne. Nan fa gizo ke saƙar. Jama'a ba kamar tara hatsi a rumbu ba ne, inda kake zuba dami ɗaya-ɗaya. Kamar garke ne: akuya ta haihu, ɗiyarta ma ta girma ta haihu. Ƙarin bana yana hawa ne kan ƙarin bara.

Makamin warware wannan ya fito ne daga ƙasar Sukotlan a 1614, lokacin da John Napier ya wallafa lissafin da ake kira logaridim. Daga baya Henry Briggs na Ingila ya ɗora shi kan goma. Jikan wannan aiki shi ne ɗan littafin fo-figa da muka yi ta fama da shi a sakandare, ba mu san amfaninsa ba. Ma'anarsa mai sauƙi ce: logaridim na 100 shi ne 2, na 1,000 kuma 3, domin yana ƙirga goma nawa aka ninka da juna.

To mu gwada. Kowace shekara ana ninka jama'a da 1.032. Sau nawa za a yi haka kafin a kai biyu? Logaridim na 2 shi ne 0.3010, na 1.032 kuma 0.0137. Raba na farko da na biyu, ka samu 22. Wato in an bi ma'aunin ƙasa, mutanen ƙananan hukumomin nan uku za su ninka cikin shekara 22, su haura miliyan 1.8 wajen 2028.

Sai dai lissafi bai san tashin hankali ba. Matsalar 'yan bindiga ta tayar da ƙauyuka da dama a yankunan Tsafe da Bunguɗu, mutane suka nufo gari. Ga shi tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta.

Duk da haka darasin na nan. Gona ba ta ninkuwa, Gulbin Sakkwato da Gusau ke sha ba ya ninkuwa. Aji, gadon asibiti da famfon da aka gina wa mutanen 2006, yau kusan mutum biyu ke rububin rabon mutum ɗaya. Duk mai tsara wa al'umma gobe ya kamata ya fara da wannan ɗan lissafi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.