Hagu da Dama: Sunayen da Wurin Zama Ya Haifa

Bahaushe ba ya cin tuwo da hagu, ba ya miƙa wa babba abu da hagu, amininsa kuma shi ne na hannun damansa. Tun yana makarantar allo ya ji cewa ranar hisabi wasu za su karɓi littafinsu da dama, wasu da hagu. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya, idan aka ce masa jam'iyyun hagu da na dama suna ja-in-ja kan haraji da fansho a Faransa ko Jamus, ai ya yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. A ganina shi ya sa masu fassara labarai a rediyo suke kauce wa kalmomin biyu, su ce "masu ra'ayin riƙau" ko "'yan mazan jiya" a wannan ɓangare, "masu ra'ayin gurguzu" ko "masu sassaucin ra'ayi" a wancan.

Alhali asalin sunayen ba ruwansa da alheri ko sharri, wurin zama ne kawai. A 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, majalisa ta yi muhawara kan ko Sarki Louis na 16 zai iya hawa kujerar na-ƙi a kan dokokin da ta zartar. Masu goyon bayan sarki suka taru a daman shugaban majalisa, masu son a rage masa iko suka koma hagunsa. Da masana'antu suka yawaita, rigimar ta tashi daga kan sarauta ta koma kan dukiya. Hagu ya zama laƙabin masu cewa gwamnati ta tatsi mai hali ta kula da lafiya, ilimi da tsufan talaka. Dama kuwa na masu cewa a rage haraji, a sakar wa kasuwa mara.

Kalmominmu na gida sun fi na Turawa hoto. "Jari-hujja" ta faɗi komai da kalma biyu: wanda ya zuba jari shi ke da ta cewa. "Gurguzu" kuwa ƙwayar yakuwa ce, wadda ake daddawar batso da ita. Tari ne da ba a ƙirga shi ɗai-ɗai, balle a ce ga ƙwayar wane. Illar kalmar ita ce ta yi faɗi da yawa. Da ita muke kiran Tarayyar Sobiyet, inda gwamnati ta mallaki masana'antu, da ita kuma muke kiran jam'iyyar da ta daɗe tana mulkin Suwidin, ƙasar da Volvo da IKEA suka girma a hannun 'yan kasuwa.

Wannan ruɗani ba namu ba ne mu kaɗai. Sanata Bernie Sanders na Amurka ya sha nuna Denmak a matsayin abin koyi ga irin gurguzun da yake so. A 2015 firaministan ƙasar, Lars Løkke Rasmussen, ya yi jawabi a Jami'ar Harvard ya ce tattalin arzikin ƙasarsa na kasuwa ne, ba na gurguzu ba. Kowannensu yana da abin kamawa. Ɗan Denmak yana biyan harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayan da ya saya, yana kuma ganin likita ba tare da ya biya ba. Amma ƙasar ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi. Ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni ne ke daidaitawa tsakaninsu.

Tarihi ma bai bar kowa a kujerarsa ba. Bismarck, gogan 'yan mazan jiya na Jamus, shi ya kafa inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883 da fanshon tsufa a 1889, don ya janye leburori daga jikin 'yan gurguzu. A 2003 kuma shugaban gwamnatin Jamus Gerhard Schröder, na jam'iyyar SPD ta hagu, shi ya fito da shirin da ya rage tallafin marasa aiki. A Birtaniya gwamnatin jam'iyyar Leba ta hagu ce ta kafa tsarin asibiti kyauta a 1948. Firaminista Margaret Thatcher ta 'yan mazan jiya ta sayar da kamfanin tarho a 1984 da na iskar gas a 1986, amma ba ta rushe wannan tsari ba, alhali a Amurka duk wanda ya nemi irinsa sai a ce masa ɗan gurguzu. A Amurkar ma, zamanin Shugaba Eisenhower ɗan jam'iyyar dama ta Rifablikan, harajin ƙololuwar kuɗin shiga ya tsaya a kashi 91 cikin ɗari. Shugaba Reagan, ɗan jam'iyyarsu, ya bar shi a kashi 28.

Kalmar da ta fi yaudarar mai fassara ita ce "libaral", wadda muke mayarwa "sassaucin ra'ayi". A Amurka tana nufin mai karkata hagu. A Ostireliya jam'iyyar da ke ɗauke da sunan ita ce babbar jam'iyyar dama, a Jamus kuma jam'iyyar libaral, wato FDP, ta masu son rage haraji ce. Sassaucin ɗaya na gwamnati ne ga talaka, na ɗayan na gwamnati ne ga ɗan kasuwa. Hatta Marine Le Pen ta Faransa, wadda ake sa wa a can ƙuryar dama, ta yi adawa da ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 da Shugaba Macron ya yi a 2023, kamar yadda ƙungiyoyin ƙwadago suka yi.

Saboda haka, mai karatu, idan ka ji an ce hagu ko dama ta ci zaɓe a wata ƙasa mai arziki, kada sunan ya ishe ka. Tambayi abu uku: wa za a ƙara wa haraji, wa za a rage wa tallafi, kuma wa zai biya kuɗin asibiti. Amsar waɗannan ce za ta nuna maka inda jam'iyya take zaune.