Yadda Wasan Soyayyar Faransa Ya Kasa Kwana a Ƙasar Tasawa

Duk wanda ya san ƙasar Tasawa ya san cewa a Maijirgi kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin nan biyu na Faransa da suka ratso ƙasar Hausa da wuta da takobi har sojojinsu suka juya musu bakin bindiga cikin watan Yuli na 1899. Daga wannan shekara zuwa ranar 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta karɓi mulkin kai, Nasara ya bar mana haraji da aikin dole da lakwal da kalmar kumandan, amma akwai wata haja da yake alfahari da ita a gidansu wadda, duk da tsawon zaman nan, ba ta samu masauki a Urafane ko Mayahi ko Kananbakashe ba, watau wasan soyayya mai ban dariya, wanda ake shiga da murmushi a fita da murmushi.

Asalin wannan fanni daɗaɗɗe ne. A 1730 wani marubuci mai suna Marivaux ya fito da wasan da ake kira Le Jeu de l'amour et du hasard a birnin Faris, ma'anarsa wasan so da katari. Ƙissar ita ce, an nema wa wata budurwa 'yar manya mai suna Silvia miji, ita kuwa, saboda tsoron auren wanda ba ta san ɗabi'arsa ba, sai ta roƙi mahaifinta izini ta musanya tufa da kuyangarta don ta ƙare wa baƙon kallo daga gefe, alhali ba ta sani ba shi ma saurayin, Dorante, ya yi wannan dabara da baransa. Mahaifin kuwa, wanda wasiƙa ta riga ta sanar da shi komai, ya kame bakinsa yana kallon ikon Allah. Daɗin wasan duka a cikin zance yake, domin kowannensu yana jin zuciyarsa ta karkata ga wanda yake zaton bara ne, yana kuma ƙin furtawa, sai kewaye-kewaye da gugar zana. Lalle wanda ya taɓa tsayawa a dandali da daren farin wata, ya ji yadda budurwa take amsa saurayi da habaici, ƙawarta na gefe tana yi mata tafinta, shi kuma yana ta jan zance don kada a ce ya ƙosa, ba zai ji wannan balaga baƙuwa ba. Da an juya wasan nan da Hausa tun farko, ina kyautata zaton da ya samu masu saurare.

Aibinsa kuwa a ƙarshe yake bayyana, yayin da aka yaye lulluɓi sai ga ɗan manya ya faɗa ga 'yar manya, bara ya faɗa ga kuyanga, tamkar dai zuciya da kanta ta san asali, ba ta kuma kuskure a kansa. Barorin nan biyu an ajiye su ne don a yi musu dariya. Kada mai karatu ya yi saurin la'antar Faransawa a nan, gama mu ma, ko da yake malaman Malikiyya sun fi rataya kufu'i a kan addini da lafiyar jiki, al'ada ba ta daina tambayar ko yaron ɗan maƙera ne ko ɗan mahauta ba kafin a karɓi gaisuwar iyaye.

Dalilin rashin isowarsa bai da wuyar ganewa. Irin wannan wasa a cikin littafin lakwal ya zauna, tare da su Molière, lakwal kuwa 'yan ƙalilan ne suka shiga, cikinsu ma ƙalilan suka yi nisa. A wancan zamani gidajen silima a manyan birane suke, Yamai da Damagaram da Maraɗi, kamfanonin Faransa biyu kuma, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rabon finafinai, suna turo tsofaffin da suka gama yawo, na kaboyi da na Misira da na Indiya. Samarin karkara da suka tafi cin rani Maraɗi ko Kano, da suka komo gida da damina, labarin Indiya suka kawo, domin a can ne suka ga uba mai tilasta aure, da uwa mai kuka, da attajiri mai ƙwace budurwar talaka, da waƙa a inda baki ya kasa magana. Hasali ma, da 'yan ƙasa suka ɗauki na'urar ɗaukar fim da hannunsu, ba su bi sawun Faris ba: Umaru Ganda ya yi Le Wazzou polygame a kan alhajin da ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawari, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972, Mustafa Alasan kuma a shekarar ya yi wa masu burin mata da gida da mota da kuɗi shaguɓe a cikin F.V.V.A. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da 'yan wasa irin su Yazi Dogo suka riƙa ba mutane dariya da Hausa a kan tsadar aure da kishi da rowar masu hali. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kaset ya ƙarasa aikin, janareto ya kai shi har inda wutar lantarki ba ta je ba.

Jikan wasan Marivaux da ya fi shahara a zamaninmu shi ne fim ɗin Amélie na 2001, wanda Jean-Pierre Jeunet ya shirya, Audrey Tautou ta fito a matsayin wata yarinya mai hidima a gidan shan gahawa a unguwar Montmartre, mai yi wa mutane alheri a ɓoye, mai gudun saurayin da take so saboda tsananin kunya. Kunyar nan da ɓoye alherin nan abin so ne a wurinmu, ban kuma ga laifin wanda ya kalla ya ji sanyi a ransa ba. Sai dai tun a Faransa masu sharhi sun zarge shi da wanke birnin tas, har baƙaƙe da Larabawan da suka cika titunansa suka kusa ɓacewa. A ganina akwai abin da ya fi wannan nisa da mutumin Urafane, wanda aure a wurinsa waliyyi ne da sadaki da shaidu da siga, da goro da aka raba a ƙofar gida: tsohon wasan 1730 yana da uba mai ba da izini, na 2001 kuwa ya ƙare ne da masoyan biyu a kan babur suna zagaya gari, ba a aiki kowa gaisuwa ba, mahaifin yarinyar ma ya ɗauki akwatunansa ya nufi filin jirgi.