Daga Kurmi Zuwa Kanti: Yadda Kano Ta Karɓi Manyan Baƙin 'Yan Kasuwa

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, birninmu yake karɓar baƙin fatake. Larabawan Gadamas da Turabulus sun zauna a cikin ganuwa, har unguwarsu ta samu sunan Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci su ake kira Turawa. Sai dai waɗannan baƙi bisa ƙa'idar gari suke ciniki: a sauka wurin fatoma, a sayar ta hannun dillali.

Al'amura sun sauya da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912. Kamfanonin Ingila da Faransa, irin su Niger Company da John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, suka kafa kantuna a wajen ganuwa. Da farko gasar da ke tsakaninsu ta ɗaga kuɗin gyaɗa, manomi ya ji daɗi. Amma da manyansu suka haɗe suka zama UAC a 1929, ga kuma al'adarsu ta haɗa baki kan farashin saye, sai manomi ya rasa inda zai kai kukansa. Jirgin ya kuma ƙarasa kashe fataucin Sahara, yadin kanti ya shiga danne saƙar gida.

Iyayenmu ba su naɗe hannu ba. Agalawa da sauran fataken goro suka juya jarinsu da yaransu na ƙauyuka zuwa sayen gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne babban misali: kamfani na da kuɗi da jirgin ruwa, shi kuwa yana da sanin mutane da amanarsu.

Bayan haka aka yi zamanin Kingsway da Leventis da UTC, kantunan ma'aikata da masu hali. Ƙarancin kuɗin waje da faɗuwar Naira daga 1986 suka karya su. Kwarin da Kwarori suka fara cinikin yadi a cikinsa kuwa ya koma hannun 'yan ƙasa, shi ne Kantin Kwari.

A 2014 Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe reshe a Ado Bayero Mall, wasu suka ce kasuwanninmu sun gama yawo. A 2021 kamfanin ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga 'yan ƙasa, a Janairun 2024 kuma aka rufe reshen Kano. Kurmi da Singa da Sabon Gari suna nan suna ci.

Dalilin bai ɓuya ba. Babban kanti yana sayen kaya da yawa a kan rahusa, amma yana ɗauke da kuɗin haya da na man janareta. Ba ya ragi, ba ya gyara, ba ya ba da bashi, alhali magidanci mai awon kullum da waɗannan yake rayuwa. Ta fuskar aiki ma da bambanci: ma'aikacin kanti yana da albashin wata tsayayye, yaron shago kuwa ladansa kaɗan ne, amma yana sa ran ranar da maigida zai sallame shi da jari.

Duk da haka kada mu yi saurin tafi. Baƙin sun koya mana tsafta da rubuta farashi da rasit, kuma kantunan 'yan gida irin su Sahad sun ɗauki darasin. Abin da ya rage mana, mu 'yan birni mazauna Legas da Abuja da Kaduna, shi ne mu zuba jari a gida, mu tallafa wa matasan unguwanninmu da ilimin lissafin kasuwa, mu kuma tunatar da iyayen gida hakkin yaran shago. Wani baƙon zai sake zuwa, kuma ba lalle ya tafi kamar na baya ba. Allah Ya ƙara wa kasuwanninmu albarka, amin.