Yadda Aka Kai Ga Kulle Ɗakin Masu Jego a Asibitocin Amurka

A ranar 27 ga Afrilun 1964, wata mata sanye da fararen kayan nas ta shiga ɗakin wata mai jego a asibitin Michael Reese da ke birnin Chicago, ta ce likita yana son duba jaririn. Uwar ta miƙa mata shi, kwanansa ɗaya a duniya. Matar ta rungume shi ta fice daga asibitin, babu wanda ya ce mata ina za ki.

Sunan jaririn Paul Fronczak. Bayan shekara biyu aka damƙa wa iyayen wani yaro da aka tsinta a jihar New Jersey, aka ce mai yiwuwa nasu ne. Suka rene shi har ya girma. Sai a 2012 gwajin DNA ya nuna ba shi ba ne.

A wancan zamanin tsaron asibiti bai wuce mai gadi a bakin ƙofa da tarin makullai da ƙayyade lokacin ziyara ba. Abin da ake jin tsoro ma musayar jarirai ne, ba sata ba. A 1930, a Chicagon dai, iyalai biyu sun koma gida da 'ya'yan juna, sai da gwajin rukunin jini ya raba gardama. Irin wannan rigima ce ta sa asibitoci suka riƙe al'adar ɗaura wa jariri alamar suna a hannu da ɗaukar hoton tafin ƙafarsa da tawada. Wannan yana maganin kuskuren ma'aikaci, amma bai tsinana komai a kan ɓarawo.

Daga baya wani sauyi mai kyau ya buɗe wata kafar. Asibitoci suka rage tara jarirai a ɗaki guda bayan gilashi, suka riƙa barin kowane a gefen uwarsa, aka kuma sassauta wa masu zuwa barka. Shayarwa ta samu sauƙi. Sai dai jariran da a da nas ɗaya ke sa wa ido yanzu sun watsu a ɗakuna da yawa, kowanne a hannun mace mai gajiya da ciwo, wadda ba ta san fuskokin ma'aikata ba.

A 1987 aka ɗauke Carlina White, 'yar kwana 19, daga asibitin Harlem a New York, inda aka kwantar da ita saboda zazzaɓi. Sai bayan shekara 23 ita da kanta ta gano asalinta da ta ga hoton wata jaririya a shafin intanet na cibiyar neman yaran da suka ɓace. Satar da aka yi a Jacksonville a jihar Florida, a 1998, ta fi nuna inda matsalar take. Ɓarauniyar ta shafe sa'o'i a ɗakin mai jegon tana hira tana taimakawa. Uwar ta ɗauka nas ce, nas-nas kuma suka ɗauka 'yar uwarta ce. Akwai kyamara a asibitin, amma hoton ya yi dishi-dishi. Jaririyar kuwa, 'yar awa takwas, ko hoto ba a kai ga ɗaukarta ba, sai zane aka yi aka raba wa jama'a. A 2017 aka same ta a jihar South Carolina.

Cibiyar nan ta neman yaran da suka ɓace, wato NCMEC, wadda aka kafa a 1984, ita ta tattara irin waɗannan labarai ta ga kusan duk tafiyarsu ɗaya: mace ce, sau da yawa ta yi ɓari ko tana ƙaryar ciki, takan zo leƙen asibiti tun kafin ranar, ta yi shigar ma'aikata, ta sulale ta matakalar gudun gobara. Jami'inta John Rabun ya rubuta ƙa'idojin da asibitoci suka ɗauka. A 1999 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitocin ƙasar, ta fitar da gargaɗi na musamman kan lamarin. Asibitin da ya rasa shaidarta na iya rasa kuɗin gwamnati, don haka ba a yi wasa da maganar ba.

Daga nan ɗakin masu jego ya zama wajen da ya fi ko'ina kulle. Ƙofa ba ta buɗuwa sai da katin ma'aikaci, baƙo sai ya danna ƙararrawa an gan shi a kyamara. Ma'aikatan sashen suna da katin shaida mai launi na daban, kuma ana gaya wa uwa kada ta ba kowa ɗanta in ba ta ga wannan launin ba. Ba a ɗaukar jariri a hannu a bi baranda da shi, sai a cikin gadonsa mai taya. In aka ji an yi shelar Code Pink, wato an ɗauke jariri, kowane ma'aikaci, har mai shara, zai tsaya a ƙofar da ta fi kusa da shi yana duba jakunkuna.

Sai kuma 'yar na'urar da ake ɗaura wa jariri a idon sawu, irin su Hugs, mai aika siginar rediyo ba ƙaƙƙautawa. Da an kusanci ƙofar fita da shi, ƙofar za ta datse, lif ya ƙi motsi. In aka yanke igiyar, ƙararrawa ta tashi. Ingila ma ta bi sahu bayan an sace wata jaririya a Nottingham a 1994.

Na'urar tana da nata ciwon kai. Jariri kan rame kaɗan a kwanakin farko, igiyar ta yi sako-sako ta zame, ƙararrawa ta yi ta kuka babu dalili har ma'aikata su fara yin biris da ita. Dokar gobara kuma ba ta yarda a garƙame mutane ba: ƙofofin fita da yawa, in aka ci gaba da tura su, dole su buɗe bayan daƙiƙa 15.

Satar jarirai daga asibitocin Amurka ta ragu sosai, amma wani ɓangarenta ya koma gidaje. Shi ya sa NCMEC ke shawartar iyaye su daina ɗaura balan-balan a ƙofar gida ko wallafa adireshinsu a sanarwar haihuwa, kuma duk wadda ta zo ta ce asibiti ne ya aiko ta duba mai jego, a buga waya a tabbatar kafin a buɗe mata.