Gidan Namun Daji da Haƙƙin Dabbar da Aka Tsare

Duk wanda ya tashi a Daura ya san cewa tarihin birninsa da dabba ya soma, domin macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana jama'a ɗebo ruwa sai ranar Juma'a har zuwan Bayajidda, shi ne farkon abin da ake faɗa wa yaro da baƙo. Amma abin takaici shi ne, yaron da ya haddace wannan labari, ya kuma ji tatsuniyar kura da zaki da dila tun yana goye, ba lalle ne ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, saboda gonaki sun cinye dajin da kakanninsa suka yi farauta a ciki. Idan ya ga kura, to a hannun gardawa ya gan ta, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya.

Wannan giɓi ne gidan namun daji na Kano yake cikewa, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, har gidan ya ɗauki sunansa. Ranar sallah za ka ga yara sun yi dafifi gaban kejin zaki, wani ya maƙale da rigar mahaifinsa, wani yana ƙirga kadojin da suka baje baki buɗe a rana.

Akwai masu ganin darajar irin wannan gida tana ga yawan baƙin dabbobin da aka yo odarsu daga ƙetare, kamar yadda manyan gidajen Turai suke taƙama da su. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba. Dabbar da aka halitta domin ƙasar sanyi, in aka kawo ta cikin zafin bazararmu, azabtar da ita aka yi, alhali kuwa namu na gida suna ƙarewa ba mu damu ba. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma, da a da suke yawo daga Sanagal har tafkin Chadi, sun ragu zuwa 49 kacal a 1996 a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, kuma ba keji ne ya cece su ba, sai kiyaye dajinsu da haɗa kai da manoman wurin, har suka haura 600.

Game da haƙƙin dabbar da aka tsare kuwa, malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Ya tabbata cikin ingantattun hadisan Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. To, idan haka hukuncin kyanwa yake, ina ga giwa da zaki? Hukumar da ta karɓi kuɗin shiga daga hannun talaka ta ɗauki amanar ci da sha da magani da inuwar kowace dabba, kuma kamata ya yi ta lissafa waɗannan cikin kasafinta kafin ta yi tunanin sayo wata sabuwa.