Ƙarin Ƙashin Muƙamuƙi da Yadda Ake Gano Shi ta Hanyar Hoto

Ba kowane ƙari da ya fito a ƙashi ne ciwon daji ba. Akwai wanda likitoci ke kira amelobilastoma, wanda ke tsirowa daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina haƙori. Kimanin kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa. Ba kasafai yake yaɗuwa zuwa sauran sassan jiki ba, amma yana girma sannu a hankali, galibi ba tare da zafi ba, har ya cinye ƙashi, ya girgiɗe haƙora, ya hana cin abinci da magana.

Matakan bincike

1. Hoton eksire na muƙamuƙi baki ɗaya. Ƙarin yakan bayyana kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma, wani lokaci tushen haƙora ya zaizaye.
2. Hoton siti-sikan. Yana nuna ƙashi yanki-yanki, a ga iyakar ƙarin da inda ya huda bangon ƙashi.
3. Hoton em-ar-ai. Yana aiki da maganaɗisu, ya nuna ko ƙarin ya shiga tsoka.
4. Gutsuro ɗan nama a duba shi a ɗakin gwaji. Wannan ne ke tabbatar da irin ƙarin, domin hoto kaɗai ba ya yanke hukunci.

Mace mai ciki ta sanar da ma'aikata kafin eksire ko siti-sikan. Mai ƙarfe a jiki kuma ya faɗa kafin em-ar-ai.

Maganinsa tiyata ne, kuma yana iya dawowa, don haka ake ci gaba da zuwa asibiti bayan aiki. Ƙaramin ƙari ya fi sauƙin cirewa; wanda ya ƙasaita yakan sa a yanke babban ɓangaren muƙamuƙi.

Kumburin muƙamuƙin yaro da ke girma cikin makonni kuwa yana iya zama ciwon daji, a gaggauta kai shi asibiti.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su faɗakar da jama'a: kada a yi wa irin wannan kumburi sakiya ko tsaga. A je asibiti mafi kusa, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato.