Salansar bindiga: me ake jayayya a kai, kuma ina namu a ciki?

'Yan uwanmu da ke Amurka kan ji wannan gardama a labarai, mu kuma nan Bonkuku da ƙasar Kurfai galibi a fim muka san abin. Ƙarfe ne kamar guntun bututu da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Aikinsa ɗaya da salansar babur: yana riƙe hayaƙi mai zafi da ke biyo harsashi, ya sake shi sannu a hankali. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, ya yi rajistar ƙirarsa a 1909.

Kada fim ya ruɗe mu, ba ya kashe ƙarar gaba ɗaya. Harbin bindiga kan wuce awo 140 a ma'aunin ƙara na desibal, salansa kuwa kamar 20 zuwa 35 take ragewa. Wanda ke kusa zai ji sarai. Na nesa ne zai rikice, ya kasa gane harbi ne ko wani abu, balle ta ina ya fito.

A nan gardamar take. Tun 1934 dokar Amurka ta ce mai son salansa sai ya yi rajista da gwamnati, ya biya harajin dala 200. Maharba da ƙungiyoyin masu bindiga suna cewa kariyar kunne ce kawai, don yawan harbi na kurmantar da mutum. Masu adawa suna tuna harin Virginia Beach na 2019, inda aka kashe mutum 12 kuma maharin ya yi amfani da ita. A 2025 majalisar Amurka ta soke harajin, daga Janairun 2026, amma rajista tana nan. Jihohi irin su New York da California har yanzu sun hana ta. Faransa kuwa ta yarda maharba su yi amfani da ita tun 2018.

To, mu fa? A Nijar maganar ba ta kai ga salansa ba, a kan bindigar kanta take. Farar hula ba ya riƙe bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida. Tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone bindigogi fiye da dubu a Agadas, bayan sulhu da 'yan tawaye. Manyanmu suna tune da ranar.

Sai dai tun da tsaro ya lalace a jihar Tillaberi, tambayar ta dawo da zafi: mutumen ƙauye ya miƙa makami, ko ya riƙe ya kare iyalinsa? Bayan kashe-kashen 2021 wasu garuruwa sun kafa 'yan sintiri. A farkon Nuwamban shekarar aka yi wa na Banibangu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu, har da magajin gari. Allah ya jiƙansu. Masu goyon bayan sintiri suna cewa soja ba za su iya tsayuwa kowane ƙauye ba. Masu tsoro suna cewa bindiga in ta shiga hannu, rigimar gona da burtali ma da ita za a raba.

A ganinmu, hujjar kare kunne gaskiya ce a inda ake harbi don farauta ko wasa. Amma a daji irin namu, ƙarar harbi ita ce sanarwa. Ita ke sa mata su kwashe yara, makiyayi ya juya dabbobinsa, mai lambun dankali ya bar rijiya ya nufi gida, wani ya samu damar buga wa jandarma waya.